Kada Yawan Giga Ya Ruɗe Mu

'Yan'uwa masu ɗauko kayan kwamfuta daga Lome da Sinkanse zuwa Wagadugu, yau da ku muke. Samarinmu na Tiendpalogo da sauran unguwanni sun rungumi sana'ar gidan wasa, inda yara ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a allo. Da yawansu da kuɗin adashi ko rancen dangi suka tayar da shagon. Idan irin wannan yaro ya zo sayen rumbun ajiya, wato diski, abin da aka saba shi ne a nuna masa lambar da ta fi girma a jikin kwali. Mu dai a ganinmu wannan cutarwa ce, ko da mai kayan bai nufa ba.

Tsohon diski, HDD, faifai ne a cikinsa yake juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, allura na bin kansa tana karatu. Yana da arha, yana da wuri. Amma abu mai juyawa ba ya son jijjiga, ba ya son a ɗauke wuta yana cikin aiki, ga zafin Afrilu da kan wuce maki 40 a garin nan. Shi kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikinsa. Ko mai sauƙin kuɗinsa yana karanta wajen mega 500 a daƙiƙa, alhali tsohon diskin laftof bai cika wuce 100 da 'yan kai ba.

Sai dai a gaya wa mai saye gaskiya: SSD ba ya ƙara wa hoto kyau, wannan aikin wani sashe ne na injin. Abin da yake ragewa shi ne jira. To, jiran nan shi ne kuɗin. Mai gidan wasa a kan kowane wasa ake biyansa, ko a kan awa. Duk mintin da allo ya tsaya yana loda wasa, yara na zaune suna tsaki, wasu ma su tashi su koma shagon maƙwabci. Saboda haka muke cewa SSD mai giga 500 ya fi wa wannan yaro amfani a kan HDD mai tera 2. Wasanni nawa ake bugawa a shagon? Ƙwallo ne da dambe da tseren mota. Sauran, da fina-finai, a zuba su a tsohon diski a ajiye gefe.

Akwai na tsakiya, SSHD, wanda Seagate ta yi fice da shi: faifai ne aka liƙa masa 'yar ma'ajiya mai sauri ta giga 8. Wasan zamani ɗaya ya ninka wannan sau da yawa. Zamaninsa ya wuce, kada a biya shi kuɗin SSD. Masu PS4 kuma su sani ana iya canza diskinsa, amma saurin ba zai kai na PS5 ba.

Inda abin ya fi damunmu shi ne jabu. Tun ƙarshen 2025 farashin waɗannan kaya ya tashi a duniya, saboda manyan kamfanonin fasaha na wawure su. In ka ga SSD an rubuta tera 2, kuɗinsa bai kai na ƙaramar waya ba, to a cikinsa ɗan katin memori ne aka yi wa dabara ya riƙa faɗin ƙarya. Zai karɓi kaya har ya ƙoshi, sannan ya shiga lalata su ba tare da ka sani ba. Kayan gwanjon da muke kira “France au revoir” su ma wasu sun yi shekaru suna aiki dare da rana kafin su hau jirgin ruwa.

Gwaji kuwa kyauta ne. Manhajar H2testw tana tona girman diski na gaskiya, CrystalDiskInfo tana nuna lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki. A tafi da laftof Sinkanse, a gwada ko da biyu ne cikin kwali kafin a ƙirga kuɗi, domin kayan da ya riga ya wuce kwastan ba wanda zai karɓe shi a mayar.