Tarihin Zazzau A Hannun Kamfanonin Wasan Kwamfuta: Ina Rabon Jihar Neja?

A unguwar Barkin Sale da ke Minna, kamar sauran unguwannin biranen ƙasar nan, matasa da yawa kan ƙarar da yammacinsu a gidajen gem ko kuwa a kan wayoyinsu na hannu. Iyaye na kallon abin a matsayin ɓata lokaci, amma masu sa ido kan tattalin arziki sun san cewa sana'a ce mai tsoka. Shaida a kan haka ita ce sayen kamfanin Activision Blizzard da kamfanin Microsoft ya kammala a shekarar 2023, a kan kuɗi kimanin dala biliyan 69.

Abin da ya kamata ya ja hankalin hukumomi shi ne, tarihin ƙasar Hausa ya shiga cikin hajar da ake sayarwa a wannan kasuwa. A watan Agusta na 2021 aka ƙara wani sashe mai suna The African Royals a wasan Age of Empires III, inda aka sanya Hausawa da Habashawa. A ciki mai wasa kan kafa gari, ya yi cinikin dabbobi, ya tara mahaya masu lifidi da maharba Fulani, a ƙarƙashin tutar Sarauniya Amina. Haka kuma a watan Fabrairu na 2025 kamfanin Firaxis na Amurka ya fito da Civilization VII, wanda ya jera Amina cikin shugabannin duniya da ake zaɓa.

Babu shakka wannan abin farin ciki ne, domin yaron da ke Jamus ko Japan, wanda bai taɓa jin sunan Zazzau a makaranta ba, yanzu ya ji shi. Sai dai wasa yana da dokarsa, kuma dokar ita ce nishaɗi da riba. Saboda haka aka cure dauloli daban-daban wuri guda, aka mai da Kano hedkwatar Amina, alhali kowa ya san ta da Zazzau. A wasa na biyun kuwa, mai wasa yana iya ɗora ta a kan mulkin Rumawa ko Misirawa idan ya ga dama. Hatsarin a nan shi ne yaron gida ya fara sanin kakanninsa ta bakin baƙo, sa'an nan ya biya kuɗin ƙetare kafin ya ji labarin.

Jihar Neja tana da haƙƙi na musamman a wannan batu. Idan ba a manta ba, zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau, waɗanda suka baro Zariya a farkon ƙarni na 19, su ne suka kafa garin Abuja a 1828, wato Suleja ta yanzu. Tarihin Kano ma ya ambaci cewa Sarkin Nupe ya aika wa Amina da goro dubu goma. Ban da wannan, akwai labarin Tsoede da kafuwar daular Nupe, da na Nagwamatse a Kontagora, da maƙeran tagulla na Bida, da Zungeru wadda ta zama hedkwatar Arewa daga 1902, da layin dogon da ya taso daga Baro, ya ratsa Minna, ya isa Kano a 1911. Kowane ɗaya daga cikinsu ya isa a gina wasa a kansa.

Wasu za su ce ƙasar da ke fama da ƙarancin wutar lantarki da tsadar abinci ba ta da lokacin irin wannan zance. Maganarsu tana da nauyi, kuma gaskiya ne cewa manyan wasanni kan ci miliyoyin daloli da shekaru na aiki. Amma da rarrafe yaro kan tashi. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games ya fitar da wasan Aurion a 2016 duk da matsalar wuta, yayin da Maliyo Games ke yin ƙananan wasannin waya a Legas tun 2012. Masana'antar fim ta Kano ita ma da ƙaramin jari ta fara, lokacin da aka fitar da Turmin Danya a 1990, ga shi a yau dubban mutane na cin abinci a cikinta.

Abin da ya rage shi ne haɗa hannu. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, tana yaye masana kwamfuta a kowace shekara, kuma babu abin da zai hana ta haɗa ɗalibanta da malaman tarihi da masu zane. Wajibi ne masarautun Suleja, Bida, Kontagora da Minna su buɗe taskokinsu, a naɗi muryoyin maroƙa da dattawa tun suna raye. Ya kamata kuma gwamnatin jiha ta ware ƙaramin rance mai sauƙin biya ga matasan da suka kawo samfurin wasa cikin Hausa, Nupanci ko Gbagyi, ta kuma tabbatar da cewa haƙƙin mallakar aikin ya tsaya a hannunsu.

Hausawa kan ce, idan mai wuri ya zo, mai tabarma sai ya naɗe. Kamfanonin ƙetare sun shimfiɗa tabarmarsu ne saboda sun tarar da filin babu kowa, kuma sun tabbatar da cewa hajar tana da masaya. Matasan Barkin Sale sun riga sun iya riƙe abin wasan. Saura a koya musu ƙera shi.