A Fara Daga Filin Unguwa

Tun da sojoji suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025 mutane suke ta komowa gida, maganar sake gina birni kuma ta cika bakin kowa. In aka zo kan wasanni, abin da ake fara ambata shi ne manyan filaye: na Khartum, na Hilal, na Marikh, yaushe za a gyara su, yaushe ƙungiyar ƙasa za ta daina karɓar baƙinta a ƙasashen waje. Mu ma muna ɗokin wannan rana. Sai dai muna ganin in aka soma daga can, an ɗora jinka kafin a kafa shika-shikai, kuma 'ya'yan unguwannin gefen gari irin namu su ne za a bari a rana.

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a fagen ƙwallo. A Khartum aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka a watan Fabrairu na 1957, Sudan da Masar da Habasha da Afirka ta Kudu ne suka aza harsashinta, a nan kuma aka buga gasar cin kofin nahiyar ta farko. A 1970 Sudan ta ɗauki kofin a gida bayan ta ci Ghana ɗaya da nema. Waɗanda suka yi wannan aiki a ƙurar unguwa suka koyi sana'arsu, a wasan dafuri na bayan la'asar, da duwatsu biyu a madadin raga, sannan ƙungiyoyin yara na unguwanni, waɗanda ake kira rawabiɗ, suka tace su suka miƙa wa manyan kulob. Hilal da Marikh da Maurada su kansu daga lungunan Umdurman suka fito, samarin gari ne suka kafa su tun zamanin Turawa.

Akwai darasin da ya kamata duk mai shirin tsara wasannin ƙasa ya riƙe. A 1976 Shugaba Ja'afar Numairi ya rushe kulob-kulob da umarni guda, ya shelanta abin da aka kira riyada jamahiriyya, wato wasannin jama'a: kowa ya yi wasa a unguwarsa, ba sauran Hilal, ba sauran Marikh. A baki magana ce mai daɗi, har ta yi kama da abin da muke nema yau. Amma an rushe abin da yake tsaye ba tare da an tanadi filaye ko masu horarwa ba. Gwanayen 'yan wasa suka tattara suka nufi ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha, ba a jima ba gwamnati ta janye matakin, amma ɓarnar ta riga ta auku. Daga gasar 1976, Sudan ba ta sake leƙa kofin Afirka ba sai 2008. Shekara 32 ke nan.

Gwamnatin da ta zo daga baya ta gwada ta siminti. A 1991 aka fara ginin Birnin Wasanni a kudancin Khartum, Madina Riyadiyya, kusa da inda da yawa daga cikinmu suke zaune. Yaran da suka ga an kafa ginshiƙansa sun yi aure sun haifi 'ya'ya ba a gama shi ba, aka yi ta yankar filinsa ana rabawa, har maganar ta kai gaban kotu bayan 2019. Da kuɗin da aka binne a wurin an raba shi ga filayen Mayo da Kalakla da Umbadda da Haj Yusuf, da yanzu wani zance ake yi.

Mu duba yamma, wajen danginmu na Nijar. A 1975, shekara guda kafin matakin Numairi, gwamnatin Seyni Kountché ta fara gasar kokowa ta ƙasa a Tahoua, wadda ake ba zakaranta takobi. Ba ta ƙirƙiro wani sabon abu ba. Kokowar kaka da ake yi a dandalin kowane ƙauye ta tarar, ta yi mata matakala: a kara a gari, a kara a gunduma, kowace jiha ta fitar da gwanayenta, gasar kuma ta riƙa zagaya jihohi, ana gina filin kokowa a babban birnin kowacce. Har yau, duk lokacin da ake neman takobi ƙasar kan tsaya cik a gaban rediyo da talabijin. Nijar ba ta fi Sudan arziki ba. Abin da ta yi shi ne ta girmama abin da talakawanta suka iya.

Mu ma muna da irin wannan a hannu. Kafin yaƙi, kowace Juma'a da yamma Haj Yusuf kan cika maƙil da masu kallon kokowar Nuba, wadda mutanenta suka riƙe da ƙarfinsu tun kafin hukuma ta waiwaye su. Akwai gasar makarantu ta ƙasa, daura madrasiyya, wadda take haɗa ɗalibai daga jihohi. Akwai rawabiɗ. Lambar yabo ɗaya tilo da Sudan ta taɓa samu a gasar Olamfik, azurfar da Isma'il Ahmad Isma'il ya ci a tseren mita 800 a Beijin a 2008, da zinariya biyu da Abubakar Kaki ya ɗauka a gasar duniya ta cikin zaure a 2008 da 2010, duk daga wasan da ba ya bukatar komai sai fili da takalmi da mai koyarwa suka fito.

Mai koyarwar nan shi ne ƙashin bayan maganar, shi ne kuma wanda aka fi mantawa. Kowace unguwa tana da shi: wani tsohon ɗan wasa, tela ne ko direban raksha, mai usur a wuya, wanda yake sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa, ya san yaron da bai karya kumallo ba da wanda ya fara bin abokan banza. Abin da yake bukata kaɗan ne. Horo na 'yan makonni a kan yadda ake tafiyar da yara da taimakon gaggawa, takardar shaida da hukumar ƙwallo za ta amince da ita, da ɗan alawus daga ƙaramar hukuma wanda zai zo a kan kari. Manyan kulob ɗinmu sun saba kashe maƙudan kuɗi wajen sayo 'yan wasa daga waje, har da Najeriya. Kuɗin ɗan wasa guda zai horar da masu koyarwa masu yawan gaske. A cikinsu kuma a sa mata, domin tun da aka buɗe gasar mata a watan Satumba na 2019 ya bayyana cewa 'yan mata suna so, kuma uba ba zai saki 'yarsa ba sai ya ga mace ce take kula da ita a wuri mai sutura.

Za a ce mana: ana fama da ruwan sha da kwalara da makarantun da suka rushe, wa yake ta ƙwallo? Tambaya ce mai nauyi, ba ma raina ta. Amma a dubi yaron da yake da shekara 12 ranar 15 ga Afrilu 2023. Ya yi shekaru ba aji, ya ga abin da bai kamata babba ma ya gani ba, ya kuma ga cewa mai bindiga shi ne mai faɗa a ji. Yau ya zama saurayi, yana zaune a bakin titi daga azahar zuwa magariba. In ba mu ba shi wurin zuwa ba, akwai masu ba shi. Share fili da kafa turaku huɗu bai kai kuɗin gyaran aji guda ba, kuma ba ya hana a gyara ajin.

Mu Hausawa muna da ƙarin dalili. Mun san zafin a ce da mutum baƙo a ƙasar da aka binne kakanninsa, tun daga waɗanda suka kafa Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Mun ga abin da ya faru a Nilu Shuɗi a 2022. Fili yana daga cikin wurare kaɗan da ba a tambayar yaro ƙabilarsa kafin a miƙa masa ƙwallo. Kuma dambe da kokowa da langa da iyayenmu suka zo da su suna ƙarewa a hannunmu, yaran Khartum da yawa sai a waya suke ganin dambe. Dole mu faɗa wa kanmu gaskiya a nan: dattawanmu da dama har yanzu suna ɗaukar wasa shashanci ne mai raba yaro da allo. Ai ba a buga ƙwallo da asuba. Malamin khalwa da mai usur za su iya raba yini ba tare da ɗaya ya ci hakkin ɗaya ba.

Waɗanda suka ciyar da unguwanni a takaya lokacin da babu hukuma ba za su kasa shirya gayyar share fili ba. Amma kada yaro ya taka filin da aka yi yaƙi a kansa sai masu kwance nakiyoyi sun duba shi, domin harsasai da bama-baman da ba su fashe ba suna nan birjik a cikin birni. Bayan haka sai takarda. Mun san yadda filayen unguwa suke ɓacewa: yau an zuba bulo a kusurwa, gobe an ja katanga, jibi an ce wani ya saya. Yanzu da ake komowa, takardu sun ƙone, iyakoki sun ruɗe, haɗarin ya fi na da. Kwamitin kowace unguwa ya auna filinsa, ya rubuta tsawo da faɗi, limami da dattawa su sa hannu, a kai ofishin filaye na ƙaramar hukuma a nemi a yi masa rajista da sunan wasan yara, a ajiye kwafi a masallaci.