Kada mu jira ɗakin kwamfuta kafin mu koya wa yara taswira

A ƙarshen watan Agusta na 2024 ruwan sama kimanin milimita 150 ya sauka a birnin Maraɗi cikin sa'a ɗaya da rabi, mutum 15 suka rasa rayukansu, gidaje da dama suka rushe. Kwanaki kaɗan bayan haka, tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda yake tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, shi ma ya faɗi. Ɓarnar daminar ta kai gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun zama matsugunin waɗanda ruwa ya kora. Da muka koma aji a nan Maraɗi, na tambayi ɗalibaina na shekarar ƙarshe ta kwaleji: wa zai zana mini a allo hanyar da ruwa ke bi daga ƙofar gidansu har ya faɗa gulbi? Kowannensu ya san hanyar, ƙafarsa ta taka ta, wasu ma ta cikin ɗakin uwarsu ta ratsa. Amma ba a samu wanda ya iya sa ta a allo ba. Da na ce a lissafo mini manyan kogunan Turai kuwa, hannuwa suka tashi.

Laifin namu ne, mu malaman tarihi da labarin ƙasa. Mun mai da taswira abin rataye a bango da abin hadda, alhali kayan aiki ce kamar garma. Maraɗin nan da muke zaune cikinta, a kwarin gulbi take da can. Ambaliyar 1945 ce ta ci tsohon garin, aka dawo da shi kan tudu. Yara nawa aka taɓa nuna wa wannan a takarda, aka ce su auna da kansu bambancin tudu da kwari?

Akwai fannin ilimi da ke yin wannan aiki a yau, da Faransanci ana taƙaita sunansa SIG, wato tsarin tattara bayanan ƙasa a kan taswira. Ga iyayen da ba su taɓa jin sa ba, abin ba shi da wuyar fahimta. A ɗauki rijiya. A tsohuwar taswira ɗigo ce kawai. A wannan tsarin, ɗigon na ɗauke da bayani: zurfin rijiyar, shekarar da aka gina ta, ko tana ƙafewa da rani, mutum nawa ke sha. Haka kowace makaranta, kowane gidan likita, kowace gona, kowane burtali. Sai a jera su hawa-hawa, kamar a zana kowane abu a kan farar leda mai nuna abin da ke ƙarƙashinta, a ɗora wata kan wata. Daga nan ana iya tambaya: waɗanne ƙauyuka ne suka fi kilomita 5 nisa da gidan likita mafi kusa? Waɗanne gidaje aka gina a kan hanyar ruwa? A ina gonaki suka ci burtali? Kwamfuta na ba da amsa cikin ɗan lokaci, muddin akwai wanda ya taka ƙasa ya kawo bayanin gaskiya, akwai kuma wanda ya san tambayar da zai yi.

Mun riga mun ga abin da wannan ilimi ke iya nunawa, a gonakinmu ma. Shekaru da yawa duniya na cewa hamada na cinye kudancin Nijar. Sai da masu bincike irin su Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, da Chris Reij, da ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou suka kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan adam, suka kuma bi ƙauyukan Magarya da Matamai da Mirya, kafin aka gane cewa manoman jihohin Maraɗi da Damagaram sun raya itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon gawo da sauran itatuwa ya girma a cikin gona. Manomi ya san gonarsa ta yi inuwa, amma girman abin da shi da maƙwabtansa suka yi bai bayyana ba sai da aka dube shi daga sama. Abin da ke damuna shi ne, jikokin waɗannan manoman suna zaune a gabana kullum, kuma ko ɗaya bai taɓa ganin hoton gonar kakansa daga sama ba.

Duk lokacin da na tayar da wannan magana a taron malamai, amsa ɗaya nake samu: ina kwamfutar, ina wutar, ina intanet? Tambayoyin na kan hanya. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a ƙasar nan, kuma dubban azuzuwa har yanzu na zana ne. Wanda ɗalibansa ke zaune a ƙasa, in ka zo masa da zancen tauraron ɗan adam, yana da damar ya yi maka dariya. Sai dai na taɓa koyarwa a wata makaranta da wani shirin agaji ya ba ɗaki guda cike da kwamfutoci. An yi biki, an ɗauki hotuna, an rufe su da ƙyalle saboda ƙura, makullin ya shiga aljihun shugaban makaranta. Ba a horar da ko malami ɗaya ba, ba a ware ko dala ta gyara ba. Na bar wurin ƙyallen na nan yadda aka shimfiɗa shi. Tun daga nan na daina yarda cewa rashin na'ura ne babban ciwonmu.

Rabin wannan ilimin ba ya buƙatar wuta ko kaɗan. Yaro ya auna tsawon takunsa, ya ƙidaya taku daga ƙofar makaranta zuwa masallaci, ya mai da shi santimita a kan takarda: ya koyi ma'auni ke nan, ya kuma yi lissafin da malamin lissafi ke fama ya shigar masa. Ya gane arewa daga inuwar sanda. Aji ya kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ɗauki layi biyu na unguwa, su rubuta inda famfo yake, inda ake zubar da shara, inda ruwa ke kwanciya bayan an ɗauke. A haɗa takardun a bango, ga taswirar unguwa, wadda mai yiwuwa ko ofishin magajin gari ba shi da irinta. Kuɗin wannan aiki bai wuce na takarda da fensir ba.

Mataki na biyu waya ce. Yawancin wayoyin shafa na nuna wurin da mutum yake tsaye ko babu kati a ciki, domin daga tauraron ɗan adam suke karɓar saƙon kai tsaye. Kuskurensu na iya kai ƴan mitoci, saboda haka ba a raba gardamar iyakar gona da su, wannan aikin masu awon fili ne da kayansu na musamman. Amma don sanin inda rijiya ko rumfar makaranta take, sun wadatar. Wayar malami ɗaya ta ishi aji.

Sai a mataki na uku kwamfuta ke shigowa, kuma a nan ma abin ya yi sauƙi fiye da yadda ake zato. Manhajar QGIS kyauta ce, tana da Faransanci, tana aiki ba tare da intanet ba in an riga an sa ta. Hotunan Landsat na Amurka, waɗanda aka fara ɗauka tun 1972, an sake su kyauta tun 2008. Taurarin Sentinel-2 na Turai na ɗaukar hoton wuri ɗaya duk bayan kwana biyar, kowane ɗigo a hoton na daidai da mita 10 a ƙasa, su ma kyauta. A OpenStreetMap kowa na iya ƙara layin unguwarsu da sunansa na gaskiya. Malami ya shiga gari sau ɗaya a wata uku, ya kwaso abin da yake buƙata a katin waya, ya dawo. Kwamfutar hannu biyu ko uku, faifan sola ɗaya da batir, da ɗaki mai ƙofar da ke rufuwa: makarantar lise da ta samu wannan, tare da malamin da ya iya, ta fi mai kwamfuta arba'in a ƙarƙashin ƙyalle.

Malamin da ya iya ɗin shi ne abin da muka rasa. Da yawa cikinmu ƴan kwantaragi ne da aka tura aji ba tare da sun taɓa buɗe irin wannan manhaja ba, ga jiran albashi. Alhali masu ilimin na nan cikin ƙasa. Cibiyar AGRHYMET na Yamai tun 1974, tana horar da ƴan ƙasashen Sahel kan yanayi da ruwa da noma, da hotunan tauraron ɗan adam take bin damina. Akwai hukumar taswira ta ƙasa, IGNN. Akwai sashen labarin ƙasa a Jami'ar Abdou Moumouni, ga jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa da aka kafa a 2010. Me zai hana a haɗa malaman kwaleji da lise na kowace jiha mako biyu a lokacin hutu, ɗaliban jami'a masu digiri na biyu su koya musu, kowa ya tafi gida da taswirar garin da yake koyarwa? Mun sha zuwa tarurrukan ƙara wa juna sani da ba a tuna komai daga cikinsu sai kuɗin zama.

Yanzu ga tambayar iyaye, wadda ita ce ta fi nauyi: in yaro ya bi wannan hanya, zai ci abinci? Na sha jin uba na cewa ɗansa ya karanta labarin ƙasa ne don ya rasa gurbin likita, ƙarshenta dai alli. Ba zan yi wa kowa alkawarin da ba nawa ba. Gwamnati ba ta ɗaukar ma'aikata da yawa, kuma ayyukan ƙungiyoyi na kwangila ne, yau akwai gobe babu. Amma aikin da ke jiran a yi shi yana da yawa. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda muke kira COFO, kuma a yau ana da su daga gunduma har ƙauye, an ɗora musu rajistar gonaki da shata burtali da makiyaya. Mu mutanen jihar Maraɗi mun san abin da rikicin gona da kiwo ke haifarwa. Ba a manta da Toda a 1991 ba, inda fiye da mutum 100 suka mutu. Burtalin da iyakarsa ke cikin kan tsofaffi kawai, ranar da tsofaffin suka kau sai gardama. Ƙananan hukumomi fiye da 250 na ƙasar nan, kowace na buƙatar wanda zai riƙe mata taswirar filaye, don a daina sayar da fegi ɗaya ga mutum biyu, a daina yanka filaye a bakin kwari. Ga masu haƙar rijiyoyin burtsatse, ga masu shimfiɗa hanya, ga ma'adinai da man fetur, ga ƙidayar jama'a, wadda ba ta yiwuwa sai an fara zana taswirar kowace unguwa. A maƙwabciyarmu Najeriya, lokacin yaƙi da shan inna, da irin waɗannan taswirori aka gano rugage da ƙauyukan arewa da masu rigakafi ke tsallakewa.

Shawarata ga uba ko uwa ita ce kada yaro ya tsaya ga iya danna manhaja. Wanda ake nema shi ne mai wata sana'a da ya ƙara da taswira: masanin noma, masanin ruwa, ma'aikacin lafiya, mai awon fili. Don haka lissafi dole ne, ko da yaro a ɓangaren adabi yake. Ya riƙe Faransanci, ya ɗan taɓa Ingilishi, domin yawancin darussan kyauta da shi aka yi su. Hausarsa ko Fulatancinsa ko Zabarmancinsa kuwa jari ne, domin shi zai zauna gaban mai gari ya tambayi inda burtali ya bi a zamanin kakanni. Kuma a bar ƴan mata su shiga. Su suka fi kowa sanin nisan rijiya da wadda ke ƙafewa a watan Afrilu. Idan ɗalibi ya kai jami'a, ya nemi zaman koyon aiki a ofishin magajin gari ko a COFO ko da ba biya, ya fito da taswira guda da ya yi da hannunsa wadda wani ya yi amfani da ita. Mai ɗaukar aiki ya fi son ganin wannan bisa ga tarin takardun shaida.

Gargaɗi ɗaya ga abokan aikina: halin tsaron da muke ciki bai bar wasa ba. Kada malami ya fita da yara suna aune-aune da ɗaukar hoto ba tare da ya sanar da shugaban makaranta da mai unguwa ba, a nisanci wuraren jami'an tsaro, kuma jirgi marar matuƙi ba a tayar da shi sai da izinin hukuma. Sunayen masu gidaje ma ba su da abin yi a taswirar aji.

Bana na nemi kwamitin iyayen yara na makarantarmu ya ba mu takarda manya guda ashirin da izinin fita ranar Asabar biyu kafin damina. Za mu bi magudanan unguwa daga tudu zuwa gulbi, mu sa alama a duk inda shara ta toshe hanya, mu kai kwafi ɗaya ofishin magajin gari, ɗaya kuma ya zauna a bangon aji don ƴan baya su gyara.