An Bar Jaki Ana Dukan Batir

Tsaya a bakin kowane shagon waya a Farm Centre ta Kano, tambayar da za ka fi ji ita ce: ƙarfin batirin nawa ne, dubu biyar ko dubu shida? Mai saye ya gama yarda cewa maganin mutuwar caji shi ne a ƙara girman batir. Kamfanoni ma sun ji daɗin haka, tunda lamba ce mai sauƙin bugawa a jikin kwali. Ni ban yarda ba. Randa ce ke yoyo, mu kuma muna ta rububin sayen wadda ta fi girma.

Furosesa, ƙwaƙwalwar da ke cikin waya ko kwamfuta, takan yi barci idan babu aiki, kuma barcin hawa-hawa ne. Akwai gyangyaɗi, inda take shan wuta kusan kamar tana farke. Akwai mai nauyi, inda ake kashe wa sassanta wuta. Shiga mai nauyin da fita daga cikinsa suna cin lokaci da wuta, don haka zuciyar babbar manhaja, wadda masana ke kira kanel, sai ta duba yaushe za a sake tashinta. In ta ga nan kusa ne, sai ta bar ta a gyangyaɗi. Kamar mai shago ne da ake buga wa ƙofa kowane minti, ina zai ga damar kashe fitila ya miƙe ƙafa?

Shekara da shekaru kanel ɗin babbar manhajar Linux da kansa yake wannan bugun ƙofa. Agogonsa kan kaɗa sau 100, ko 250, ko 1000 a daƙiƙa guda, ko da aiki ko babu. Sai a 2007, a fitowa ta 2.6.21, aikin Thomas Gleixner da Ingo Molnar ya sa agogon ya riƙa yin shiru idan furosesa ba ta da abin yi. A shekarar ce kuma Arjan van de Ven na kamfanin Intel ya fito da PowerTOP, 'yar manhaja mai jera sunayen masu tashin furosesa da adadin tashin da kowa ke yi. Nan asiri ya tonu. Manhajoji barkatai suna farkawa don kawai su tambaya ko wani abu ya faru, a ce musu a'a, su koma, su sake dawowa. Hatta ɗan sandan nan mai ƙyaftawa a wurin rubutu yana cikin masu laifi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne uzurin masu rubuta manhaja. Sai ka ji an ce, tashi ɗaya me zai ci? Wannan magana ce ta wanda wutarsa ba ta ɗaukewa. A Windows, agogo kan kaɗa sau 64 a daƙiƙa, amma manhajar shiga intanet ta Chrome ta daɗe tana ɗaga shi zuwa 1000, abin kuma ya shafi kwamfutar baki ɗaya, har sai da surutu ya yi yawa a 2014. Ba mugunta ba ce, ganganci ne na wanda bai taɓa ɗaukar wuta a matsayin dukiya ba.

Gyaran kuma ba tsafi ba ne. Uwar da ta san gida ba ta aiken yaro kasuwa sau goma. Takan tara saƙonnin ya je sau ɗaya. Haka kanel ke haɗa lokutan tashi da ke kusa da juna, furosesa ta farka sau ɗaya ta sallami kowa. Windows 7 ta zo da wannan a 2009, Apple ta bi a 2013, Android kuma ta kawo Doze a 2015, mai jinkirta ayyukan bayan fage idan an ajiye waya.

Za a ce ai hasken fuskar waya da neman sabis sun fi shan caji. Gaskiya ne, lokacin da take hannunka. To amma awa nawa take yi a aljihu da ƙarƙashin matashi? A waɗannan awannin, yawan tashi ne ke yanke hukunci. Ƙararrawar asuba dole ta buga kan lokaci, kowa ya sani. Manhajar da ke leƙa ko an sabunta talla fa, me zai same ta in ta jira minti goma?

Je ka rumfar mai caji da yamma. Janareta na ruri, wayoyi jere a kan katako, kowace da 'yar lamba manne a bayanta, ɗan acaba na tsaye yana jiran tasa ta ɗan hau don kada kiran fasinja ya wuce shi. Cikin kuɗin da zai miƙa akwai na tashin banzan da wani ya rubuta a ofis mai sanyi bai ko auna ba. Ina so duk mai koyar da rubuta manhaja a jami'o'inmu ya sa ɗalibi ya kunna PowerTOP a kan aikinsa, ya kare kowane tashi da ya gani, kafin a ba shi maki.