Ana Iya Sulhu a Kan Aƙida?

A watan Afrilu na 1978, wakilai Musulmi da dama suka fice daga zauren Majalisar Tsara Tsarin Mulkin Nijeriya a Legas. Musabbabin ficewar shi ne batun kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a matakin tarayya. Masu goyon baya suna ganin hana su wannan kotu tauye musu haƙƙin addini ne. Masu adawa kuwa, waɗanda akasarinsu Kiristoci ne, suna ganin kafa ta fifita addini guda ne a ƙasar da ta haɗa mabiya addinai daban-daban. Kowane ɓangare adalci yake nema, sai dai abin da wannan ya kira adalci shi ne wancan ya kira zalunci.

Irin wannan saɓani ya sha bamban da jayayya a kan kasafin kuɗi ko wurin da za a gina asibiti. Kuɗi ana iya raba su biyu, kowa ya ɗauki rabonsa. Aƙida kuwa ba ta rabuwa, domin mai ita yana jin cewa idan ya saki rabinta ya ci amanar kansa.

Masana halayyar ɗan Adam sun yi nazarin wannan al'amari. A 2007, Jeremy Ginges da Scott Atran da abokan aikinsu suka wallafa sakamakon wani bincike da suka gudanar tsakanin Falasɗinawa da Yahudawan Isra'ila. Sun gabatar wa mutane shawarwarin sulhu iri-iri, suka auna yadda suka karɓe su. Abin mamaki, waɗanda suka ɗauki batun ƙasa a matsayin abu mai tsarki sai suka ƙara fusata da aka haɗa shawarar da tayin kuɗi, wato suna jin an nemi sayen mutuncinsu. Amma da aka ce ɗaya ɓangaren ma zai sadaukar da wani abu da yake girmamawa, sai fushin ya ragu. Ashe mai aƙida ba ciniki yake so ba, so yake ya ga an san darajar abin da ya riƙa, kuma ba shi kaɗai aka sa ya yi rangwame ba.

Kusan haka ta kasance a Legas. Bayan Shugaban Ƙasa Janar Olusegun Obasanjo ya sa baki, wakilan suka koma zaure. Tsarin Mulkin 1979 bai kafa kotun ta tarayya ba, amma ya ba duk jihar da ke buƙata damar kafa tata Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Ya kuma wajabta cewa cikin alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya a sami aƙalla uku masana shari'ar Musulunci da ta shafi aure da gado da makamantansu, da aƙalla uku masana dokokin gargajiya. Babu wanda aka ce ya bar imaninsa. Abin da aka daidaita a kai shi ne tsarin zaman tare.

Mai ƙorafi zai iya cewa wannan sulhu rufa-rufa ce kawai, kuma yana da hujja. Muhawarar ta sake tashi a majalisar 1988, har gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana ci gaba da ita. A Fabrairun 2000 kuma rikici ya ɓarke a Kaduna a kan batun shari'a, aka yi asarar rayuka masu yawa. To, amma wannan bai nuna sulhu banza ba ne. Ya nuna cewa sulhu kamar gona yake, idan aka daina nome shi ciyawa ta cinye. Hasali ma, tanadin 1979 yana nan cikin Tsarin Mulkin 1999.

Saboda haka, ya kyautu malaman sakandare su riƙa horar da ɗalibai a ƙungiyar muhawara da wata ƙa'ida guda: kafin ɗalibi ya soki ra'ayin abokin karawarsa, ya fara bayyana shi dalla-dalla har mai shi ya amince cewa haka yake nufi. Wanda ya saba da wannan tun yana aji huɗu zai yi wuyar ɗaukar mai saɓa masa a matsayin maƙiyi idan ya girma.