Kiredit ɗin da aka saya ba ya warware lissafin jami'a



Duk shekara idan jami'o'i suka fara fitar da sunaye, koke iri ɗaya ke yawo a unguwanninmu, daga Agege zuwa Idi-Araba har Sabon Ibadan. Yaro ya nemi injiniyanci an tura shi wani kwas, yarinya ta nemi kimiyyar kwamfuta ba a ɗauke ta ba. Nan da nan sai a ce an yi ne don mu 'yan Arewa ne. Ban ce ba a nuna bambanci a ƙasar nan ba, kowa ya san wahalar takardar asali. Amma a maganar lissafi, mafi yawan laifin yana cikin gidajenmu, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A jarrabawar JAMB ɗalibi na rubuta darussa huɗu, maki 400 gaba ɗaya. Mai son injiniyanci zai ɗauki Turanci, lissafi, fizis da kemistiri, kuma lissafin tambayoyi 40 ne a gaban kwamfuta, agogo na tafiya. Bayan nan jami'o'i da dama na yin tasu tantancewar, wato Post-UTME da aka fara a 2005, su haɗa makin su jera ɗalibai. Wanda bai kai makin da sashen ya yanke ba, ko a ba shi wani kwas ko ya jira baɗi. A jami'o'in tarayya ƙa'idar ita ce kashi 45 cikin 100 na gurabe don cancanta, 35 don jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma don jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Kano, Katsina, Sakkwato, Zamfara, Kebbi da Jigawa duk suna cikin rukunin ƙarshe. Ke nan har wata ƙofa aka buɗe mana. Sai dai ƙofar shiga ce kawai, ba ta zauna wa kowa jarrabawar aji ɗaya.

A shekarar farko, ɗalibin injiniyanci ko kimiyya zai haɗu da MTH 101, aljabara da lissafin kusurwoyi, sannan MTH 102, wato kalkulas. Kalkulas ba dodo ba ne. Direba ya yi kilomita 120 cikin awa 2, kowa zai ce yana gudun kilomita 60 a awa. Amma allurar da ke gabansa tana nuna gudunsa ne a daidai wannan ƙiftawar ido, wani lokaci 100, wani lokaci sifiri a cunkoso. Gano saurin canjin abu a daidai lokaci guda shi ne rabin kalkulas. Ɗaya rabin shi ne tara ƙananan canje-canje su ba da jimla, kamar sanin yawan ruwan da ya taru a tanki alhali famfon na ƙara ƙarfi yana ragewa.

Abin da ke kayar da yara a nan tsohon bashi ne na ƙananan azuzuwa. A darasin farko za a tambaye su inda (x² − 9) ÷ (x − 3) ke dosa idan x ya kusanci 3. Amsar 6 ce, kuma duk sirrin shi ne sanin cewa x² − 9 daidai yake da (x − 3)(x + 3), abin da ake koyarwa tun kafin a yi nisa a sakandare. Yaron da bai riƙe wannan ba, malamin da ke gaban ɗaruruwan ɗalibai ba zai tsaya ya koma masa baya ba.

To, me muke yi? Uba zai ƙi biyan kuɗin lesin tsawon shekara uku, amma da WAEC ta matso sai ya zaro kuɗi masu kauri ya kai ɗansa mirakul santa, inda ake rubuta amsa a allo. Yaro ya dawo da B3 a lissafi, a yi ta barka. Wannan ha'inci ne, kuma wanda aka fara ha'inta shi ne yaron. Ramin ƙarya ƙurarre ne: takardar ta ce ya iya, kwamfutar JAMB ta ce bai iya ba. Idan ma ya lallaɓa ya shige, MTH 102 na jiransa, daga nan sai kariyoba, sai gargaɗi, wani har a sallame shi bayan an kashe kuɗin shekara biyu.

A Amurka jami'o'i da yawa na yi wa sabon ɗalibi gwajin lissafi kafin ya zaɓi darussa, don a san matakin da za a ajiye shi. Wanda bai shirya wa kalkulas ba sai a fara ba shi darasin share fage na zango ɗaya. Can ma ana gargaɗin ɗalibai kada su nemi taimako a gwajin, domin wanda ya yi maguɗi ya haye ajin da ya fi ƙarfinsa kansa ya cuta. Mu a nan kowa MTH 101 da 102 zai faɗa kai tsaye, don haka wannan gwajin na gaskiya a gida ya kamata a yi shi. Baba, ko ba ka yi boko mai zurfi ba, tambayi ɗanka rabi a tara da sulusi nawa ne. Idan ya rubuta 2/5 maimakon 5/6, ka san inda aikin yake.

Masu cewa mu ba mu da kan lissafi su leƙa kasuwar Mile 12, su ga dillalin da ke lissafa kwandunan tumatir na mota guda da kuɗin dako da la'ada duk da ka. Malamanmu na rabon gado kullum cikin sudusi da sumuni suke. Kalmar aljabara kanta daga littafin Alkhawarizmi ta fito, a Bagadaza, ƙarni na 9. Malam Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina, ya yi rubutu kan lissafin hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Kan yana nan, horon ne muka yi sakaci da shi.

Ga abin da nake kira gare shi. Yaron da ke son injiniyanci ko kwamfuta, namiji ko mace, a sa shi a darasin ƙarin lissafi, wanda 'yan makaranta ke kira Foda Mas, tun daga SS1. Kafin a biya kuɗin makaranta a tambaya ko akwai mai koyar da shi. Tsofaffin tambayoyin JAMB a riƙa warware su da biro da agogo, waya a ajiye, duk wanda aka kuskure a koma babinsa a littafi. Haddar amsa ba shiri ba ce. Ɗalibanmu da ke jami'a su ba ƙannensu awa biyu ranar Asabar, azuzuwan Islamiyya na nan idan an tashi.

Wanda kuma maki ya nuna bai kai ba, kada a je neman wanda zai sa baki. Akwai IJMB da JUPEB, karatun kusan shekara guda da ke kai ɗalibi aji biyu idan ya ci. Akwai difloma a kwalejin kimiyya da fasaha, daga nan a nemi shiga jami'a kai tsaye. Shekara ɗaya ta gyaran tushe ta fi sallama daga jami'a sauƙi, a aljihu da kuma a zuciyar yaro.

A taronmu na gaba zan nemi a sa wannan batu cikin ajanda, kuma ina roƙon iyaye mata su halarta. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka.

Sakataren ƙungiya