A Gwada Jinin Yaranmu Tun Kafin a Haƙa Kabari

A farkon shekarar 2010 yara suka fara amai da jijjiga a Dareta da 'Yargalma, cikin jihar Zamfara, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce sanƙarau ne, aka ba da magani, bai yi ba. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka ɗebi jini aka kai Turai aka gwada, sannan gaskiya ta fito: gubar dalma ce. Dutsen zinariyar da ake dakawa a tsakar gida cike yake da dalma. Ƙurarsa ta sauka inda yaro ke rarrafe, ya kwasa da hannu ya kai baki. Yara wajen 400 suka rasu.

Na'urar gwajin da ake shiga ƙauye da ita ba ta karanta abin da ya haura maikirogiram 65 a kowace desilita ta jini. Jinin yara da yawa ya zarce nan, alhali daga 45 likita ke fara ba da maganin fitar da gubar.

To me muka koya? Garin Bagega sai da ya jira har 2013 kafin a kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka mutu. Nan ma gawa ce ta fara ba da labari, gwaji ya biyo baya. Hukumar da sai ta ƙirga kaburbura take tuna da ɗakin gwaji, sakaci take yi da rayuka, ko ta kira shi da wane suna.

Kuma ba kullum dalma ke kisa ba. Sau da yawa a ɓoye take cin ƙwaƙwalwa. Yaro yana wasa, yana cin tuwonsa, amma karatu ya ƙi zama. Malam ya zane shi, gida a kira shi daƙiƙi, babu mai zargin ƙurar tsakar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Ido ba ya ganin wannan ɓarna. Ɗigon jini daga ɗan yatsa yana nuna ta cikin 'yan mintuna.

Na san akwai masu ɗari-ɗari da duk mai zuwa ɗibar jini, kuma ban ga laifinsu ba. Ba mu manta da gwajin maganin Pfizer a Kano a 1996 ba. Amma gudun gwaji ba ya fitar da guba. Abin da ya kamata mu tsaya a kai shi ne a nemi izinin iyaye, a gwada, a faɗa musu sakamako da Hausa, sannan a bi sawunsa a share gidan, domin magani banza ne idan yaro zai koma kan ƙasar da ta cutar da shi.

Har yau ana niƙa dutse a ƙauyukan haƙar zinariya. Duk asibitin da ke kusa da su ya kamata ya riƙa gwada jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kamar yadda ake auna nauyinsu ranar riga-kafi. Idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi: yara nawa aka gwada bana?